Ranar da Tilo Ta Leƙa Zuciyata

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Wannan littafin na Tilo ne. Ta cika rabinsa da zanen zuciya ta yar da shi a kan kujerata, ni kuwa ba na iya ganin farar takarda tana zaman banza. Don haka na gaje shi.

Gobe za ta duba zuciyata. Ba ciwo nake ba, a rubuta wannan tun daga farko. Tilo 'yata ce, ita kaɗai gare ni, tana koyon ɗaukar hoton zuciya a babban asibiti, kuma kafin jarrabawa sai ta duba zuciya hamsin. Ta gama da ubanta, ta gama da mijinta, ta bi maƙwabta gida-gida har sun fara ɓuya in sun hango ta tafe da cikinta na wata biyar. Ni ce ta arba'in da tara. Na ce gara da ta bar ni sai can ƙarshe, don ta ga yadda zuciyar ƙwarai take.

Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da kicin ɗin makarantar kwana, baki ɗari shida, sau uku a rana. Tukunyar da maza biyu ke nishi a kanta, ni da mataimakiyata Mai Albasa muke sauke ta muna hira. Me na'ura za ta gaya mini?

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ɗakin ba fitila, sai hasken allon na'urar. Ta sa na kwanta ta gefen hagu, ta shafa mini wani mai sanyi a ƙirji, ta ɗora ɗan abin da take riƙewa. Sai ga zuciyata a allo tana buɗewa tana rufewa. Wallahi kyakkyawa ce.

Tilo tana ta zuba. "Umma, kin ga ɗakunan nan huɗu? Ga ƙofofinsu. Kin fi Baba ƙarfi nesa ba kusa ba." Na ce wannan ba sai da na'ura ba.

Sai ta yi shiru. Ta matsa abin, ta dawo da shi, ta danna wani maɓalli hoton ya tsaya. Na san irin wannan shirun. Na taɓa kwanciya haka ma'aikaciya tana saurare a jikina ta yi shi, ba sau ɗaya ba.

"Umma, kada ki motsa. Ina zuwa."

Ta dawo da malaminta, Babban Likita, wani dogo mai furfura. Ya duba ya daɗe. Ya ce akwai wani abu girman ƙwallon dabino manne a ɗakin sama na dama. Ya tambaye ni ciwon ƙirji, haki, jiri. Na ce babu, babu, babu. Sai ya juya ya ce wa Tilo, "Da yawa da sun wuce shi ba su gani ba."

A gabana ya faɗa. Duk hanyar gida wannan maganar nake juyawa, ba ƙwallon dabinon ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je aiki. Buhu uku na shinkafa, ba ta kama ba, ba ta caɓe ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

An ba mu takardar tambayoyi. Tilo ta karɓe biron, wai rubutuna na lissafin albasa ne. Shekaru, aiki, hawan jini, suga. Da ta zo kan ciki nawa aka yi, haihuwa nawa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta rubuta ɗaya, ta rubuta ɗaya, ta yi dariya ta ce, "Ga shaidar nan zaune." Na kalli bango.

A ofis Babban Likita ya bi takardar layi-layi. Ya ce, "Mama, ciki ɗaya kawai? Ba wanda ya taɓa lalacewa?"

Tilo tana tsaye bayan kujerata, tudun cikinta yana taɓa kafaɗata.

Na ce, "Ɗaya."

Me ya haɗa zuciya da wancan? Ƙirji aka zo dubawa.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Baban Tilo ya sauko daga wajen tattabarunsa ya same ni ina tsintar wake. Tun da ya yi ritaya magana ta ƙaru masa. Tilo ta karanta masa duk abin da aka rubuta, don haka ya sani.

"Kin ce musu ɗaya."

Na ce ɗaya nake gani tana yawo.

"Likita ba ya tambaya don jin daɗin baki. Ki ɗauko gwangwanin nan ki kai musu."

Na ce kada ya ƙara ambatar gwangwani a gidan nan. Shekara talatin yana ƙasan akwati bai dami kowa ba. Yarinya tana wata biyar, watan da ni na san me yake yi wa mace, shi ne zan zauna in cika mata kunne? Ya ce in faɗa wa likita a keɓe. Na ce a keɓe ina? Fayil ɗina a hannunta yake kwana, ta fi likitan karanta shi.

Ya tsaya yana murɗa hularsa. Ya ce, "Ai ni ma nawa ne." Ya koma sama.

Na zubar da waken da na tsince cikin wanda ban tsince ba. Aiki ya dawo sabo.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa wa Mai Albasa, don ta ga ana kirana a waya ba sau ɗaya ba. Ta ajiye wuƙa ta fara share ido da gefen zane. Na ce ta rufa mini asiri, albasar da take yankawa shekara goma sha biyar ba ta sa ta hawaye ba sai ni?

Ta ce daga yau ba zan ƙara ɗaga tukunya ba. Na ɗaga ta rana, na ɗaga ta yamma.

Da muna wanke ƙafa a bakin famfo ta ce zanen nan na ƙwaurina ya ƙara duhu, mai kama da raga. Na ce tambarin murhu ne, duk wadda ta daɗe a gaban wuta tana da shi. Ta ɗage zanenta ta nuna mini nata. Nata iya inda wuta ke bugu ya tsaya. Nawa ya hau har cinya, har baya inda wuta ba ta gani. Na ce ai na riga ta shiga kicin da shekara ashirin.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Sun sa ni cikin babbar na'ura, mai kamar bututu. Bayan an gama Babban Likita ya ce hoton bai raba gardama ba, amma ya fi zaton tsiro ne. Ba mugu ba, sai dai in wani yanki ya ɓalle zai bi jini ya toshe huhu. Ya ce za a buɗe ƙirji a cire. Alhamis ta sama.

Na tambaye shi kwana nawa zan yi ban je aiki ba. Ya ce wata uku. Na yi dariya. Ni da ko a wancan lokacin kwana uku nake yi in koma bakin murhu, kowane karo.

Tilo ta matso kusa da allon. Tana ta kallon hoton, ta karkata kai kamar yadda take yi tun tana ƙarama in an juya mata magana.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Lafiyata ƙalau. Ba abin da ke mini ciwo. Wannan shi ne abin haushin.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na koya wa Mai Albasa awon gishirin babbar tukunya. Shekara goma sha biyar ban taɓa bari ta zuba ba. Hannunta ya yi nauyi, amma za a ci.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Tilo ta zo ita kaɗai. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, na sa ta ɗora su a kan matashi ina matsa mata. Ta ce ɗan yana motsi sosai. Na ce ta riƙa ƙirgawa. Ta ce ta sani. Na ce ta riƙa ƙirgawa dai.

Can ta ce a taronsu na ranar Juma'a ta ɗaga hannu. Ita ɗaliba, a gaban likitoci goma. Ta ce musu a ganinta ba tsiro ba ne, gudan jini ne ya daskare. Ta ce yadda ya zauna da yadda gefensa yake bai yi mata kama da tsiro ba. In kuwa jini ne, magani zai iya narkar da shi, ba sai an tsaga ƙashin ƙirji ba.

Na ce, to me suka ce?

"Babban Likita ya ce jini ba ya daskarewa a zuciya mai ƙarfi irin taki haka kawai, sai da dalili. Akwai wata cuta da garkuwar jiki ke rikicewa ta riƙa sa jini yana daskarewa. Amma masu ita yawanci suna da tarihi. Ƙafa ta taɓa kumbura, ko ciki ya yi ta lalacewa. Ke kuma ba ki da ko ɗaya."

Na ci gaba da matsa ƙafar.

"Umma. Kin taɓa ɓari?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan 'ya take yi wa uwarta? An tambaye ni a ofis na amsa, yanzu kuma a ɗakina za a kafa mini kotu? Na ɗaga murya, har tattabarun sama suka tashi. Ta ce in yi haƙuri. Ita ce ta ba ni haƙuri.

Da za ta tafi na cika mata kwano da abinci. Ta karɓa da hannu biyu.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Na buɗe akwatin. Na rufe.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je a ɗebi jinin shirin tiyata. Ina zaune a benci ƙofar ɗakin hoto a buɗe, na ji wasu ɗalibai biyu suna tsokanarta. Ɗaya ya ce, "Ga Babbar Likita nan, mai gyara wa furfura karatu." Suka yi dariya. Ba da mugunta ba, irin ta yara. Amma ita ba ta rama ba, ita da ba a taɓa cin ta da baki ba.

A hanya ta ce mini tana tunanin ɗage jarrabawar sai baɗi. Na ce saboda me? Ta ce, "Wataƙila idona bai nuna ba tukuna, Umma. Na ga abin da nake so in gani ne, don kada a yanka ki. Mai wannan aikin bai kamata ya yi haka ba."

Idonta bai nuna ba. Yarinyar da tun tana shekara huɗu take tsince tsakuwar da ta wuce ni a faranti.

Ban iya cin abinci ba. Na ji kunya, a rubuta. Ni na sa 'yata ta tsaya gaban mutane da gaskiya a hannu aka mayar da ita mai zuzuta abu. Na yi ta cewa ina kare ta ne. To ga kariyar.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Yau za a kwantar da ni, gobe aiki. Na haɗa jaka: zane biyu, buroshi, littafin nan. Na ɗauko gwangwanin madarar daga ƙasan akwati, murfin ya yi tsatsa sai da Baban Tilo ya sa cokali. Ya goge shi da hannun rigarsa ya sa mini a jaka da kansa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Gado na shida, kusa da taga. Bari in rubuta tun hannuna bai huce ba.

Ƙarfe biyu suka zo zagaye, Babban Likita a gaba, ƙananan likitoci da ɗalibai a baya kamar 'yan tsaki. Tilo tana can ƙarshe, rungume da fayil. Ya fara yi musu bayanina: mace mai shekara hamsin da shida, ba ta da tarihin komai.

Na ce, "Likita, dakata. Akwai gyara."

Na zauna sosai, na gyara ɗankwalina. Na buɗe gwangwanin na zazzage a kan zanen gado. Katin awo huɗu, sun yi ja don tsufa, kowanne an cika shi zuwa rabi an tsaya.

Na ce, "Ciki biyar na yi, ba ɗaya ba. Uku kafin ita, ɗaya bayanta. Biyu a wata biyar, ɗaya a wata shida, ɗaya ya kusa bakwai. Lafiya lau suke motsi, sai a wayi gari shiru. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Bayan na ƙarshen ƙafata ta hagu ta kumbura kamar turmi, na ɗaure ta da tsumma na tafi aiki. Ga kuma wannan." Na ɗage zane na nuna ƙwaurina. "Na ce wuta ce. Wuta ba ta zagayawa baya."

Babban Likita ya ɗauki katunan ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, ya duƙa ya duba ƙafar. Ya ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Wannan tsakanina da 'yata ne. Abin da ya shafe ka shi ne yarinyar can ta gani daidai, ni na ɓoye mata hujja. A gaban mutanen nan aka ce ta yi kuskure, a gabansu nake so a gyara."

Na nemo yaran nan biyu da ido. Ɗaya yana kallon takalminsa.

Babban Likita mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce ba a tabbatar ba tukuna, sai an gwada jini, amma an ɗage tiyatar. Sai ya juya ya kira Tilo gaba, ya ce ta maimaita wa kowa abin da ta gani a hoton da ya sa ta ce jini ne. Ta fara muryarta tana rawa. Kafin ta kai tsakiya ta daina rawa. Ban gane rabin kalmomin ba, amma ban taɓa jin karatu mai daɗinsa ba.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Da suka wuce gado na bakwai ta bi su.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Da yanzu ƙirjina a buɗe yake. Ga ni ina shan shayi mara sukari, wanda ko ɗaliban makarantarmu ba za su karɓa ba. An fara mini allurar tsinka jini a ciki.

Tilo ba ta zo ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta zo ba. Ubanta ya ce in ba ta lokaci. Ya kawo mini lemo ya zauna yana ɓarewa, ya shanye rabi.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ta zo. Ba rigar aiki, ba fayil. Ta zauna a bakin gado ta ɗauki gwangwanin tana juyawa.

"Shekara ashirin da takwas ana ce mini Tilo."

Na ce haka ne.

"Da an yanka ki fa, Umma? Saboda ni?"

Na ce ba na so ta shiga watan nan da tsoro, kamar yadda ni na riƙa shigarsa. Ta ce tsoron da ta sha a sati biyun nan ya fi. Na ce ta yafe mini. Ban saba faɗar wannan kalmar ba, ta fito a karkace.

Ta buɗe gwangwanin ta jera katunan a kan gado. Sai ta ce, "Maza ne ko mata?"

Na ce uku maza, ɗaya mace. Macen ce ta kusa bakwai, tana da gashi. Ban taɓa faɗa wa kowa maganar gashin ba, har ubansu. Muka yi kukanmu, matar gado na biyar ta juya mana baya don kara.

Talata, ƙarfe uku na rana

Jini ya nuna. Babban Likita ya ce cutar nan ce, za a sake gwaji bayan sati goma sha biyu don a tabbatar, amma da tarihin da hoton da gwajin duk bakinsu ɗaya. Ya ce garkuwar jikina ce ke sa jinin daskarewa a ɓoye, kuma mai yiwuwa ita ce ta riƙa toshe hanyar da abinci ke isa ga yaran a ciki.

Na ce ba tukunya ba ce? Ya ce wace tukunya? Na ce wadda nake ɗagawa. Shekara talatin ina zaton ni na kashe su da taurin kai, don na ƙi zama a gida.

Ya ce, "Mama, ko kwance kika yini a katifa, a wancan lokacin ba tare da magani ba, da wuya a ce ya canza."

Na juya fuska wajen taga. Ban san nauyin abin ba sai da aka sauke.

An gwada Tilo ita ma, ko da yake ya ce ba lallai a gada ba. Nata fes.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Gida. Ƙwaya ɗaya kullum a lokaci ɗaya, wataƙila har iyakar rai. A kula da wuƙa, a kula da faɗuwa, kada a ci ganye da yawa yau gobe a daina. Ni da nake ba mutum ɗari shida doka, yau an rubuto mini tawa a takarda.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma kicin, a kan kujera. Mai Albasa ta ɓoye wuƙaƙe kamar ina jaririya. Gishirinta ya daidaita, ban gaya mata ba.

Laraba, bayan sati huɗu, ƙarfe shida na yamma

Ɗakin nan mara fitila, man nan mai sanyi. Tilo ce ta riƙe abin, Babban Likita yana tsaye bai sa mata baki ba. Ta auna, ta sake aunawa. Ƙwallon dabino ya koma kamar ƙwayar wake. Ta faɗi lambar da ƙarfi, shi kuma ya rubuta. Ita ke faɗa, furfura na rubutawa. Jarrabawarta ranar Litinin, ba ta ɗage ba.

Da ya fita na fara neman ɗankwalina. Ta ce in dakata, ai ni ce ta arba'in da tara, saura ɗaya ta cika hamsin. Ta ja kujera kusa da kaina, ta ɗage rigarta, ta shafa man a cikinta. Wata bakwai da sati ɗaya. Ta wuce duk inda nawa suka tsaya.

Ta ɗan lalaba, sai ga zuciyar ɗan a allo, 'yar mitsitsiya, ɗakuna huɗu cif, tana sauri kamar an aike ta. Tilo ta murɗa wani maɓalli sauti ya cika ɗakin.

Sau huɗu na kwanta a ɗaki irin wannan ina jiran wannan ƙarar ba ta zo ba.

Ta ce, "Umma, kin ji?"

Na ce na ji. Na ce ta ƙara murya, ubanta yana benci a waje, shi ma ya daɗe yana jira.